Mai Awon Ƙafa a Manassas

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a wajen wani suna a College Park, 'yar ƙanwata Hadiza ta gabatar da ni gare ku, ku abokan karatunta. Da Turanci ta yi, kamar yadda kuka saba. Ta ce, "Wannan Tonton Lawali ne, kawuna, takalmi yake sayarwa." Wani dogo daga cikinku, mai tabarau, ya tambaye ni cikin ladabi ko har yanzu akwai masu zuwa kanti sayen takalmi, tunda mutum yana iya latsa waya a kawo masa har ƙofar gida. Bakina cike yake da masa a lokacin, shi ya sa ban ba shi amsa ba. Yanzu na haɗiye, sai ku saurara.

Takalmin farko da na sayar, wani Bature mai tumbi ne ya saya, ranar Juma'a da yamma, a satina na biyu da kama aiki. Kantin yana bakin babban titi a Manassas, inda masu tafiya duwatsun Shenandoah suke tsayawa su cike abin da suka manta: takalmi, jakar goyo, rigar ruwa, tanti, sandar dogarawa. Ni kuwa ban taɓa hawa dutse don nishaɗi ba. A Damagaram duwatsu suna nan har cikin gari, amma awaki ne ke hawansu, sai yaran da suka gudu daga lakwal, wato makarantar boko. Shekara uku na yi ina jan tasi a Washington kafin bayana ya ce ya gaji. Abin da ya sa aka ɗauke ni a kantin shi ne mahaifina baduku ne, da basilla a hannu na tashi, kuma ranar da na je neman aikin, ana yi mini tambayoyi ina ɗinke maɗaurin wata jaka da na gani a yashe a kan tebur.

Baturen ya ce lamba goma yake sawa. Na kawo goma. Ya zura ƙafa, ya taka sau biyu a kan kafet, ya ce kamar don shi aka yi. Na ji daɗi har na raka shi bakin ƙofa. Ranar Litinin sai ga shi ya dawo da silifa, faratan manyan yatsunsa biyu sun yi baƙi ƙirin, kamar an ƙunsa masa lalle an manta da shi kwana uku.

Shugabar sashen takalmi wata dattijuwa ce, Madam Helen, gajeruwa, furfurarta a aske kamar ta soja. Ita ta ba mutumin haƙuri, ta auna shi, ta canja masa wani. Ni kuwa sai da za mu rufe ta waiwayo ni.

"Lawali, me kake yi ranar Lahadi?"

"Wanki, Madam."

"Wankin zai jira. Lamba nawa kake sawa?"

Na ce tara. Ta shiga sito ta fito da tara, cif-cif, ta miƙo mini.

Ranar Lahadi ta ɗauke ni a tsohuwar motarta muka tafi dutse. Watan Oktoba ne, don haka na shirya wa sanyi yadda na sani: singileti, riga, suwaita ta auduga mai kauri, wandon jins, da wata ƙatuwar kwat da nake sawa in ina jiran fasinja a filin jirgi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na yi kyau. Muka fara hawa. Takalmin lafiya lau, har ina cewa a raina matar nan ta rasa abin yi ne. Kafin mu yi rabi na jiƙe sharkaf da gumi. Da muka kai sama iska ta buso, rigunan nan suka zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikina, haƙorana suka fara gaisawa da juna. Ita tana zaune a kan dutse da 'yar riga marar nauyi, tana cin tuffa.

Saukowa ce ta gama da ni. Duk takun da na yi, ƙafata sai ta zame gaba, yatsuna su daki bakin takalmin. Taku ɗari na farko na daure, don ni namiji ne kuma ɗan Damagaram. Daga nan na koma sauka a kaikaice kamar ƙaguwa. Daga baya na juya ina sauka da baya, ina riƙe da itatuwa. Wasu 'yan mata suka wuce mu, ɗaya ta tambayi Madam Helen ko a kira masu ceto.

"A'a, karatu yake yi," in ji ta.

Da muka iso mota ta buɗe but ta fito da lamba goma, da safar ulu, da busasshiyar riga. Ashe tun safe suna nan. Ta ce, "Kowane takalmi yana iya hawa. A wajen sauka ake gane wanda ya dace. Kuma daga yau kada ka ƙara yarda da lambar da mutum ya faɗa maka. Ba ƙarya yake yi ba, bai sani ba ne." Farcena ɗaya ya fita bayan sati uku. Wata shida ta hana ni sayar da takalmi ni kaɗai.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma babu mai amfani da lantarki a cikinsu. Akwai ƙarfen awo, mai kama da faranti, da ake ɗora ƙafa a kai a ga tsawo da faɗi, da kuma inda gaɓar babban yatsa ta faɗa. Wannan na ƙarshen shi ne yaran kanti ke tsallakewa, alhali nan ne takalmi yake lanƙwashewa. Ƙafa biyu ake aunawa, a tsaye, domin ban taɓa ganin mutumin da Allah ya yi wa ƙafa biyu daidai wa daida ba. In mutum ya zo da sassafe nakan ƙara masa wuri, don ƙafa tana kumbura da yini, a kan dutse kuma ta fi haka. Akwai gangara ta katako da aka manna wa duwatsu, a tsakiyar kanti. Duk girman mutum sai ya hau ta ya sauko, ina tsugune ina kallon diddigensa. Na sa alƙalai sun hau ta, na sa wani janar mai ritaya ya hau ta sau bakwai. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da aka kafe a jikin benci, da shi ake murza cikin takalmi a buɗa wa ƙashin da ya turo wuri. Sauran aikin babban yatsan hannuna ne yake yi.

Sai buhunan yashi. Jakar goyo, in babu komai a cikinta, kowa ta yi masa daidai. Sai an cika ta da yashi gaskiya take fitowa. Ba da tsayin mutum ake zaɓenta ba, da tsawon bayansa ne, daga ƙashin da ke turowa a wuya zuwa saman ƙugu. Na ga dogaye masu gajeren baya, na ga gajeru masu baya kamar ƙofar masallaci. Nauyin a ƙugu ya kamata ya zauna, kafaɗa tana riƙe shi ne kawai kada ya faɗi. Na sha wuya kafin in fahimtar da maza wannan. Matanmu kuwa ban taɓa yi musu bayani sau biyu ba. Duk wadda ta taɓa goya ɗa, da na miƙa mata jaka za ta duƙa, ta girgiza ƙugu sau ɗaya, ta ja majanyin ta ɗaure, ta dube ni kamar ta ce sai kuma me.

Wani farfesa ɗan Kano ya zo mini wata rana da takarda shafi huɗu da ya buga daga intanet. Ya karanta komai, ya ja layi da jan biro. Kwat ɗaya yake so, mafi kauri, wadda ake hawa duwatsun da babu iskar shaƙa da ita, don ya huta da saye har abada. Na tambaye shi ina za shi. Ya ce nan Shenandoah, shi da ɗalibansa, a watan Mayu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka sa wannan a watan Mayu, kafin azahar ka dahu."

Na shimfiɗa masa riga uku a kan tebur. Ta jiki, ta ulu ko ta roba, mai janye gumi ta bushe da wuri. Ta tsakiya mai riƙe ɗumi. Ta waje mai tare iska da ruwa. Na ce da waɗannan ukun zai yi shekara, yana cirewa yana mayarwa: in zai fara tafiya ya fara da ɗan jin sanyi, in ya tsaya hutawa ya ƙara riga tun kafin jikinsa ya huce. Auduga kuwa ya bar ta a gida. Nan ne muka yi rigima, don mahaifinsa manomin auduga ne. Na ce ni ma da shadda nake zuwa Idi, amma auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, kuma a kan dutse jiƙaƙƙiyar riga tana iya kashe mutum a ranar da ko ƙanƙara babu. Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Da zai tafi ya tambaye ni a wace jami'a na yi karatu. Na ce a gangaren wani dutse, da baya na sauko.

Kowane lokaci na shekara da irin wautarsa. Da zafi mutane suna tafiya da gajeren wando cikin ciyawa su dawo da kaska, suna ɗaukar gorar ruwa ɗaya kamar za su kasuwa, kuma ba sa ɗaukar rigar ruwa don sun ga sama tas da safe, alhali hadarin la'asar ba ya sallama. Da kaka rana tana faɗuwa da wuri, sai mutum ya ga magariba ta riske shi bai kai mota ba, shi ya sa ban bar kowa ya fita kantin ba tare da fitilar goshi ba. Da hunturu aƙalla kowa yana tsoro, mai tsoro kuma yana jin magana. Watan Maris ne mayaudari. A Manassas furanni sun fara fitowa, yara suna wasa a waje ba kwat, amma a saman dutse, a gefen da rana ba ta bugawa, ƙanƙara tana nan kwance kamar gilashi. Akwai wata 'yar sarƙa mai haƙora da ake ɗaura wa tafin takalmi. Ba ta kai nauyin wayarku ba. Na roƙi mutane su ɗauke ta kamar ni ne zan faɗi.

Da mutanenmu suka ji akwai mai jin Hausa a kantin, sai aiki ya ƙaru ta wata fuska. Wani ya zo ya yi mini gaisuwa ta minti goma, ya tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya, sannan ya nuna tanti ya ce, "To Malam Lawali, nawa za ka bari?" Wani malami ya zauna da ni awa guda muna duba ko takalmin da ya rufe idon sawu ya cika sharaɗin shafa a kansa wajen alwala, don ya ce ba zai cire safa a cikin dusar ƙanƙara ba sai da dalili. Ya saya, ya ce zai ƙara bincike. Alhaji Isa, direban babbar mota ɗan Maraɗi, shi kuma na gargaɗe shi kan abinci. Na ce a dajin nan akwai beyar, wata baƙar dabba mai kama da ƙaton karen da ya ƙoshi, tana jin ƙamshi daga nesa. Ya ce shi da ya kwana a dajin da kuraye suke, ba karen Turawa ne zai hana shi cin kilishi ba. Da rana tsaka ya shimfiɗa dardumarsa, ya buɗe ƙunshin kilishin da aka kawo masa daga gida, ya tayar da sallar azahar. Yana raka'a ta biyu baƙon ya iso. Alhaji ya rantse mini bai yanke sallar ba, sai dai ya yarda cewa bai taɓa karanta gajerun surori da sauri irin na ranar ba. Da ya yi sallama babu kilishi, babu takardar da aka ƙunshe shi. Ya dawo ya sayi gwangwanin ajiye abinci mai murfin da dabba ba ta iya buɗewa, bai nemi ragi ba.

Sai shekarar da farashin gidaje ya faɗi, tattalin arziki ya karye. Ku kuna firamare a lokacin, ba za ku tuna ba. A unguwarmu kusan kowane layi akwai gidan da aka kafa wa allon sayarwa, masu shi sun kwashe kaya sun tafi. Wanda yake tsoron a kore shi daga aiki ba ya sayen tanti. Mukan buɗe kanti da safe mu yi ta goge gilashin da yake a goge. Mu tara ne a da, muka koma biyar, muka koma huɗu. Abin da ya ƙaru shi ne masu zuwa da tsofaffin kaya suna tambaya ko za su gyaru. Na roƙi mai kantin ya ba ni wani lungu kusa da sito. Na kawo basillar mahaifina, da zare mai kakin zuma, da gam, na zauna ina ɗinkin takalmi da jaka da zif, kamar ban taɓa barin Damagaram ba. Na haye teku, na koyi Turanci, na dawo kan aikin da na gudu daga gare shi ina ɗan shekara goma sha biyar. Da na gaya wa tsohon a waya, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi.

A cikin wannan kakar ce Hajiya Binta ta shigo. Dattijuwa ce 'yar Kano, ta haura sittin, da atamfa da mayafi da takalmi mai tsini. Wani direban tasi da na sani ne ya kawo ta daga Fort Washington, ya zauna a mota. Muka gaisa. Ta zauna a benci ta ajiye jakarta a cinya.

"Malam Lawali, an ce kai ne mai takalmin dutse."

"Ni ne, Hajiya. Na jika za a saya?"

"Nawa za a saya."

Ɗanta injiniya ne, ya kawo ta ta zauna da su. Duk Asabar shi da matarsa da yara uku sai su cika mota su tafi dutse, su bar ta a gida da rimot, wai kada ta wahala. Su dawo da yamma suna ta labari da Turanci suna nuna wa juna hotuna. Jikokin ba sa mayar mata da Hausa, ita ba ta jin Turanci, a gida kowa yana ɗakinsa. Ta lura a dutsen nan ne kawai suke hira da juna.

"Shekara biyu ke nan ina gadin gida," in ji ta. "Ni da na yi tallar fura ina hawa Dala da ƙwarya a kaina. Ban gaya musu na zo nan ba. Ina so ranar da zan ce zan bi su, kada a sami abin da za a ce ba ni da shi."

Na jawo ƙarfen awo na tsuguna. Ta janye ƙafarta cikin zane.

"Wa zai taɓa?"

Na je na kira Madam Helen. Haka aka yi aikin: Madam Helen a tsugune tana latsawa, ni a tsaye na juya baya ina kallon tantuna ina fassara. Madam Helen ta ce a tambaye ta ko nan yana matsa ta. Hajiya ta ce a gaya mata hannunta sanyi kamar na mai wankan gawa. Na fassara da cewa wurin ya ɗan matsa. Ƙafar Hajiya gajera ce mai faɗi, ga ƙashi ya turo a gindin babban yatsa. Idonta kuwa ya faɗa kan wani jan takalmi, mafi tsada a kantin, irin wanda muka yi wata huɗu ba mu sayar da ko ɗaya ba. Ta ce shi take so. Mai kantin yana tsaye a wajen teburin biyan kuɗi, yana jinmu, har ya fara murmushi.

Madam Helen ta sa mata shi, ta hau da ita gangara tana riƙe da hannunta. Da suka sauko ta ce, "Lawali, juyo ka duba. Kai za ka faɗa."

Na juyo. Takalmin siriri ne, ƙafar ta cika shi har igiyar ta buɗe baki. Na san abin da zai yi mata a awa ta biyu. Na kuma san mai kantin ya riga ya ce bayan sabuwar shekara mutum ɗaya zai rage a sashen takalmi, kuma ni ne na zo daga baya.

Na ce, "Hajiya, wannan ba naki ba ne."

"Kuɗina ne bai kai ba?"

"Ƙafarki ce ta fi shi."

Na shiga sito na ɗauko wani ruwan ƙasa, mummuna, mai faɗin baki kamar kwaɗo, ragowar bara da aka karya wa farashi. Na kai shi benci na murza gefensa a jikin ƙarfe har ya yi wa ƙashin nan ɗaki. Ta sa, ta hau gangara, ta sauko, ta sake hawa ba wanda ya ce ta hau. Ta ce muninsa ya yi yawa, amma kamar ba ta sa komai ba. Sauran kayan ma sai da aka yi shawara, don ta ce ita ba za ta sa wando a gaban surukarta ba. Muka daidaita a kan dogon wandon ulu a ciki, siket mai faɗi a sama wanda bai kai ƙasa ba don kada ta taka shi, da hijabi gajere marar auduga. Sanda biyu kuwa ta ƙi, ta ce ba ta tsufa ba. Madam Helen ta ce a gaya mata sojoji ma da su suke tafiya. Ta karɓa.

Bayan ta tafi mai kantin ya yi kwana biyu yana ɗaure mini fuska.

Satin farko na Janairu ya kira mu ofis, ni da Madam Helen. Bai kai ga buɗe baki ba ta riga shi. Ta ce gwiwoyinta sun gama aiki, likita ya hana ta tsuguno, ƙarshen wata za ta ajiye aikin. Ta ce in yana da hankali ya riƙe Lawali, don shi kaɗai ne a jihar nan zai iya auna takalmi da safe ya ɗinke shi da yamma. Da ta tashi fita har da dafa tebur. Kwanakin da suka rage tana ɗingishi, ni nake ɗauko mata kaya daga sito. Ranar da za ta tafi na kawo mata man zafi da aka aiko mini daga gida, na nuna mata yadda ake shafawa. Ta karɓa ta yi godiya sosai.

Hajiya Binta kuwa duk hunturun nan tana horo. Direban ya ba ni labari cewa in mutanen gidan sun fita, sai ta ɗaure takalminta ta yi ta hawa bene tana sauka, da jakar goyo cike da shinkafa. A watan Afrilu ta sanar da su. Ɗanta ya kira ni a waya, ya ce ni ne na zuga mahaifiyarsa, in wani abu ya same ta fa? Ina jin muryarta daga nesa tana cewa a gaya mini in shirya, wanda ya sayar da takalmi shi zai je ya ga aikinsa.

Muka tafi ranar wata Asabar, mu bakwai. Na zaɓi hanya mai sauƙi, duk da haka awa biyu da rabi muka yi muna hawa. Tana tafiya a hankali, ba ta tsayawa. Ɗan yana binta a baya da hannu a buɗe kamar mai jiran tulu ya faɗo. Can sai ƙaramar jikar ta dawo kusa da ita, ta nuna wani tsuntsu ta faɗi sunansa da Turanci. Hajiya ta ce, "Tsuntsu." Yarinyar ta maimaita, ta karkace shi, Hajiya ta gyara mata. Kafin mu kai sama sun yi dutse, sun yi ganye, sun yi gajimare, sun yi "na gaji".

Muna zaune a sama Hajiya tana raba dambun nama, sai na hango wata tana tahowa ta ɗaya hanyar, mai tsananin tsayi, wadda sai an kama dutse da hannu. Ƙatuwar jaka a bayanta, irin ta kwana huɗu, ba ko sanda. Tana tsallake duwatsu kamar akuya. Furfurar na fara ganewa.

Na miƙe. Ita ma ta gan ni, ta tsaya, na ga ta ɗan duba hagu da dama kamar mai neman wata hanyar.

Na ce, "Madam, ya gwiwa?"

"Man nan naka yana da kyau," in ji ta.

"Ko buɗe shi kin yi?"

Ta sauke jakar, ta je gaban Hajiya ta tsuguna, tsuguno sosai, har ƙasa. Ta latsa bakin takalmin, ta zura yatsa a bayan diddige, ta kwance igiyar ta sake ɗaure ta da ƙarfi a wajen idon sawu saboda sauka. Ta ce in gaya wa Hajiya ta gajarta taku a gangara, sanda ta riga ƙafa. Ta miƙe ba ta dafa komai ba, ta saɓa jakarta.

Na ce, "Madam, da kin gaya mini."

"Da ka ƙi," in ji ta. "Kana da 'ya'ya uku, ni kare ɗaya gare ni. Kuma shekara talatin ina aika mutane dutse ina zaune a kanti. Jeka, kwastomarka tana jira."

Ta kama hanya. Hajiya ta bi ta da kallo, ta ce, "Ba ita ce aka ce mini gwiwa ta kwantar da ita ba?"

"Ita ce, Hajiya."

Ta dube ni, ta dubi matar da ke nisa. Ta ƙulla dambun da ya rage a leda, ta ba babban jikanta ta ce ya ruga ya kai mata. Muna kallo ya cim mata a kwana, ta karɓa, ta ɗaga ledar sama ba ta juyo ba.

Hajiya ta kama sandunanta ta miƙe.

"To Malam Lawali, wuce gaba. Ku kuka ce a wajen sauka ake ganewa."